Abin Da Ya Sa Malama Ta Koma Aji Da Goyo

Duk wanda ya taso daga Kano ya nufi gabas ta hanyar Maiduguri, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 40, zai hau gadar kogin Wudil, daga nan ya faɗa cikin garin. Mafi yawan mutane sun san Wudil ne saboda kasuwarta ta ranar Juma'a, inda a ke kawo shanu daga nesa da kusa, har a yi lodinsu zuwa Kudu. Amma mu malaman makaranta mun san ta da wani abu dabam. Tun zamanin En'e garin ya yi suna wajen horon malamai, har dattawa da yawa a ƙasar Kano in ka tambaye su inda suka koyi riƙon alli, sai su ce maka Wudil. Yau kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha wadda aka buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horon manyan 'yan sanda. Watau dai gari ne wanda ya saba da ma'aikata, maza da mata.

A cikin watan Nuwamba na 2024, hunturu ya fara busawa, muka je rangadi wata makarantar firamare a gefen garin, domin mu duba ɗalibanmu da aka tura koyarwar gwaji. Muna shiga sai muka tarar da wata tsohuwa zaune bisa tabarma a gindin darbejiya, ta rungume jariri cikin zane. Muka gaisa muka wuce, muna zaton ko kakar wani yaro ce ta kawo ƙara. Da aka kaɗa ƙararrawar tara yara suka watse, sai ga wata malama ta fito daga aji shida da sauri, ta wanke hannu da ruwan buta, ta karɓi jaririn, ta juya baya, ta lulluɓa mayafi ta ba shi mama. Kafin a sake kaɗa ƙararrawa ta miƙa shi ga tsohuwar, ta koma aji.

Muka tambayi hedimasta labarinta. Ya ce mako biyu ke nan da ta dawo daga hutun haihuwa na wata uku, tsohuwar kuwa gwaggonta ce. Ya ƙara da cewa maganar ta raba kan malamansa. Waɗansu suna cewa wannan wahalar da kai ne, da wahalar da ɗa. Macen da ke da miji me ya yi mata zafi har za ta fito da jinjiri cikin ƙura saboda albashin da bai taka kara ya karya ba? Waɗansu kuma suna yaba mata. Da muka ji haka muka ce, to, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Bayan an tashi muka nemi izini muka zauna da ita a ofishin hedimasta, gwaggon na gefe. Ta yarda mu rubuta abin da ta faɗa, bisa sharaɗin kada mu ambaci sunanta, ko na makarantar. Mun kuwa cika alkawari.

Komawa aiki ba baƙon abu ba ne

Kafin mu kawo dalilanta, ya kamata mu tuna wa masu karatu wani abu da kowa ya sani amma a kan manta. A ƙasar Hausa maijego tana da hutunta tun kafin a san wani abu wai shi ofis. In mace ta haihu, a kan ɗauke mata daka da girki da ɗiban ruwa. In haihuwar fari ce, sau da yawa a gidan iyayenta za ta yi ta. A yi suna ran da aka kwana bakwai, a ci gaba da wankan jego da kunu, har a yi arba'in. Sa'an nan ta yi kwalliya ta zaga dangi, ta dawo ɗakinta.

To, daga nan fa? Daga nan sai ta koma sana'arta. Mai ƙosai ta hura wuta, mai fura ta hau daka, mai ƙuli-ƙuli ta koma matsar mai, mai kitso ta shimfiɗa tabarma, mai ɗinkin hula ta ɗauko zare da allura. Kakanninmu mata da kaɗi suka riƙe kansu, har masaƙa suka sami zaren da ya ɗaukaka sunan Kano. Wanda ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a zai ga matan Fulani da ƙoren nono a ka, da goyo a baya, sun yiwo tafiya mai nisa. Ba mu taɓa jin wanda ya tsai da ɗayansu ya ce mata, don me kika koma aiki bayan kin haihu, ba.

Abin da ya sake kawai shi ne irin aikin. Sana'ar cikin gida tana jiran jariri: in ya yi kuka a sauke tukunya a ba shi mama. Aikin ofis da na aji da na asibiti kuwa agogo ke mulkinsa, yana kuma nesa da ɗaki. Saboda haka matsalar da ke gabanmu ita ce tazarar da wannan sabon aiki ya sa tsakanin uwa da ɗanta. In mun riƙe wannan, sauran maganar za ta yi mana sauƙin fahimta.

Dalili na farko: tukunya

Da muka tambaye ta, Malama ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na farko dai tukunya ce. Maigidana akawu ne, kuma wallahi yana iyakar ƙoƙarinsa. Amma mu bakwai ne a gidan har da mahaifiyarsa. Kafin wata ya kai ashirin, aljihunsa ya yi fayau."

Masu karatunmu akawuna ba su bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da dama. Kuɗin mota ya tashi, hatsi da magani suka bi shi. Gaskiya ne a watan Yuli na 2024 an sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kowane magidanci ya san kasuwa ta riga albashi isa can.

Malama ta san hukuncin shari'a sarai, cewa ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna wuyan miji, abin da mace ta samu da guminta kuwa nata ne, ba mai tilasta mata ta kashe shi a gida. Ta ce don ganin dama ta ke yi. Daga albashinta a ke ɗinka wa manyan yara biyu kayan makaranta, daga ciki a ke sayen magani in zazzaɓi ya shigo da dare, daga ciki kuma ta ke aika wa mahaifiyarta ɗan abin goro da sabulu kowane wata. Ta ce wannan na ƙarshe shi ya fi mata daɗi, domin ba ta son duk sa'ad da uwarta ta bukaci wani abu sai ta durƙusa gaban miji ta roƙa mata.

Dalili na biyu: 'yan matan aji shida

Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Da Malama ta tafi hutu, ba a sami wanda zai tsaya a madadinta ba, sai aka haɗe ajinta da wani, yara suka yi wa malami ɗaya yawa. Ran da ta dawo ta buɗe rajista, ta tarar 'yan mata bakwai sun daina zuwa. Biyu an ɗora musu talla, ɗaya an riƙe ta raino, sauran kuwa iyayensu sun ce yara sun fara girma, ba su ga dalilin da za su riƙa zama gaban malami namiji ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sai na goya yaron nan bayan la'asar na bi su gida gida. Hedimasta iyakarsa zaure, ni kuwa har ƙuryar ɗaki. Na zauna da uwayensu muka yi magana ta mata. Biyar sun dawo. Sauran biyun ma ban fid da rai ba."

Malamai, ku duba wannan magana da kyau. A garuruwanmu akwai ƙofar da namiji ba ya ƙetarewa, komai girman takardarsa, kuma a bayan ƙofar nan ne a ke yanke shawarar ko yarinya za ta ɗauki allo ko faranti. Malama ce kaɗai ma'aikaciyar ilmi da ke da iznin shiga. Ita ce kuma wadda yarinyar da ta fara zama budurwa za ta iya raɗa wa abin da ba za ta faɗa wa namiji ba, ko da za ta bar makarantar saboda shi.

Magabata sun gane haka tun tuni. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar aure ce mai 'ya'ya, a gidan Waziri Giɗaɗo, amma raino bai hana ta karantarwa ba. Ita ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata waɗanda ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka, domin ta san mace ce ke iya kai ilmi inda mace ta ke. Turawa ma da suka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne rashin malamai mata 'yan ƙasa, shi ya sa aka buɗe wurin horon malamai mata a Sakkwato a 1939. Da aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, ƙarancin nan ya sake fitowa fili. Gwamnatin Jihar Kano ta yi shelar ilmi kyauta kuma tilas a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Amma doka ba ta shiga ƙuryar ɗaki. Malama ke shiga.

Kuma kada mu manta, shekarun da mace ke gama kwaleji ta kama aiki su ne shekarun da ta ke haihuwa. In muka ce duk wadda ta haihu ta ajiye alli, daidai ya ke da mu ce kada a sami malamai mata sam.

Dalili na uku: amana

Malama ta ce mahaifinta manomi ne, bai yi boko ba. Shekarar da ta sami shiga kwaleji, ya kora ɗaya daga cikin shanun hudarsa biyu zuwa kasuwar Juma'a ya sayar, ya biya mata kuɗin makaranta da na kwana. Daminar nan da aron sa ya yi huɗa. 'Yan'uwansa suka yi masa ca, suna cewa ya zubar da dukiya a kan wadda gobe za ta tafi gidan wani. Ya ce musu ya ji. Shekara uku ta yi kafin ta sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da a ke nema ga mai koyarwa a Nijeriya. Tsohon ya rasu bayan ta kama aiki da shekara biyu.

Ta ce, "In na naɗe takardar nan na sa a ƙarƙashin akwati, to, na gaskata waɗanda suka yi masa dariya."

Mu da ke horon malamai mun san wannan ciwo ta wani gefen. Kowace shekara mu kan yaye ɗalibai mata masu hazaƙa, waɗansunsu su ne kan gaba a aji. Bayan shekara biyar in ka nemi labarinsu, sai ka tarar da yawa sun bar aikin a haihuwa ta fari ko ta biyu. Kuɗin iyaye ya tafi, kuɗin jama'a da aka gina kwaleji da shi ya tafi, ajin da aka yi tanadinsu dominsa kuwa yana nan babu malami.

Dalili na huɗu: gobe

A nan muryarta ta yi ƙasa. Tana da ya wadda mijinta ya rasu a haɗarin mota ya bar ta da 'ya'ya biyar. Da ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, ba ta da sana'a, ba ta da takarda. Aka rarraba yaran ga dangi, ita kuma ta koma gidan wansu tana zaman cin arziki. Malama ta ce ba ta yi wa maigidanta fatan komai sai alheri da tsawon rai, amma rai da aure duk a hannun Allah su ke, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akawuna sun fi mu sanin yadda lissafin ya ke. Ƙarin girma da ƙarin albashi da fansho duk da shekarun aiki a ke auna su. Wadda ta ajiye aiki da niyyar in ta yaye ɗa ta dawo, sau da yawa ta kan tarar an rufe ƙofa, ga ɗaruruwan masu takarda irin tata suna layi. Ko ta dace an sake ɗaukarta, ƙannenta a aiki sun zama shugabanninta.

Dalili na biyar

Mun ɗauka ta gama, har mun fara rufe littafi, sai gwaggon ta yi dariya ta ce, "Faɗa musu gaskiya dai, 'yar nan, son abin ki ke yi." Malama ta sunkuyar da kai. Can ta ce haka ne. Ta ce ranar da yarinyar da ta yi wata shida tana fama da haɗa baƙi ta ɗaga hannu ta karanta layi guda ba tuntuɓe, a ranar ko ba a biya ta ba ta ci riba. Ta ce ta yi kewar aji a watan ƙarshe na hutunta har ta kan tara yaran maƙwabta a tsakar gida tana yi musu lissafi.

Mun ga bai kamata mu ɓoye wannan ba. In namiji ya ce yana son aikinsa, yabonsa a ke yi. Ba mu ga dalilin da zai sa mace ta ji kunyar faɗin haka ba.

Abin da doka ta tanada

Maganar hutun haihuwa ta daɗe a duniya. A 1919, a taronta na farko a birnin Washintan na Amurka, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da yarjejeniyar ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. A 2000 ta ɗaga adadin zuwa mako 14 aƙalla, ta kuma ba da shawarar a kai shi 18.

A Nijeriya, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, wadda aka yi musamman domin ma'aikatan hannu da akawuna, ya ba mace mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin. Ya kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini domin ta ba ɗanta mama. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu ƙa'idojin. Na Gwamnatin Tarayya da aka fitar a 2008 sun ba da mako 16 da cikakken albashi, da sassaucin sa'a biyu kowace rana ga mai shayarwa bayan ta dawo. A 2021 aka amince a ba maza ma'aikatan Tarayya kwana 14 in matansu sun haihu. Jihar Legas ta kai hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2014, maƙwabciyarmu Kaduna ta bi sahu a 2019.

Me ya sa a ke ta ambaton wata shida? Domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla, ba ruwa ba kunu, har ya cika wata shida, sa'an nan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan ba baƙuwa ba ce gare mu, tana cikin aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Abin da ya fi wuya ga mutanenmu shi ne hana ruwa, domin suna tsoron ƙishi, alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, mai tsabta kuwa. Ruwan randa da na rijiya su ke kawo wa jarirai gudawa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla.

To, ga inda gizo ke saƙa. Likita ya ce wata shida, hutun Malama kuwa wata uku ne. Wannan giɓin na wata uku shi ne ya zaunar da tsohuwa a gindin darbejiya.

Abin da ta ke biya

Kada mai karatu ya zaci abin daɗi ne zalla. Malama tana tashi tun kafin asalatu, ta dafa abin kari, ta yi wa yara wanka, ta wanke tsummoki, sa'an nan su fita da gwaggo su nemi abin hawa. Da dare jariri ya hana ta barci, ga littattafan yara fiye da saba'in suna jiran jan biro. Ta ce akwai ranar da ta ji kukansa tana tsakiyar darasi, nono ya zubo ya jiƙa mata riga, ta ja mayafi ta rufe ta ƙarasa darasin, zuciyarta na waje. Ta ce a irin wannan rana ta kan tambayi kanta ko masu zarginta ne ke da gaskiya.

Akwai kuma wani abu da ta faɗa wanda ya kamata kowace ma'aikaciya ta ji. Da hutunta ya kusa ƙarewa, dangin miji suka ce za a kawo mata yarinya 'yar shekara tara daga ƙauye ta riƙa yi mata raino. Ta ƙi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina bin gidaje ina roƙon a sako mini 'ya'yan mutane su zo aji, sa'an nan in ajiye 'yar wani a bakin taga tana jijjiga mini ɗa, tana jin karatu daga waje? Da wane ido zan dubi uwayen nan?" Shi ya sa ta je ta roƙi gwaggonta, ta kuma yanka mata wani abu daga albashi.

Muna faɗa da baƙin ciki cewa a rangadinmu mun ga 'yan raino ƙanana da yawa a harabar makarantu da ofisoshi. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, a ilmantar da 'yar wani da jahilcin 'yar wani.

Ga masu ganin zaman gida ya fi

Ba mu raina ra'ayinsu ba. Raino aiki ne babba, ba kuwa wanda zai maye gurbin uwa. Macen da ta duba halin gidanta, ita da mijinta, suka ga ya fi ta zauna har ta yaye, ba ta yi laifi ba, ba ta kuma zubar da ilminta ba, domin 'ya'yanta za su sha shi. Haka nan wadda jikinta bai murmure ba, ko jaririnta ba shi da ƙoshin lafiya, lafiya ce gaba da aiki. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki wadda ta koma aiki a matsayin marar tausayin ɗanta. Wadda muka gani tana gudu daga aji zuwa gindin itace da ƙurar alli a hannu ba ta yi kama da marar tausayi ba.

Su ma shugabannin makarantu da ke ƙorafin cewa malamai mata sun cika tafiya hutu, muna jin su. Amma laifin na tsarin da bai tanadi mai riƙon aji ba ne. Haihuwa ba ta zuwa ba zato. Wata tara ta ke ba da sanarwa.

Abin da kowa zai iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shugabannin makarantu: a keɓe ɗaki ɗaya mai tsabta, ko da ɗakin ajiya ne a share, a sa tabarma da gidan sauro da ruwan wanke hannu, domin inuwar itace ba ta tare ƙurar hunturu ko zafin bazara. A tsara jadawali yadda mai shayarwa za ta sami sarari a tsakiyar yini. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ga akawuna da jami'an ilmi na ƙananan hukumomi: takardar hutun haihuwa kada ta kwana bisa tebur, albashin maijego kuma kada ya tsaya saboda kuskuren alƙalami, domin a watannin nan ta fi bukatarsa. In za a yi canjin wurin aiki, a dubi mai goyo a bar ta kusa da gida. Da zarar malama ta kawo takardar asibiti, a fara neman wanda zai riƙe ajinta. Mu ma a kwalejoji muna iya taimakawa, ta wajen tura ɗalibanmu masu koyarwar gwaji zuwa irin waɗannan azuzuwa, ƙarƙashin kulawar wani babban malami.

Ga hukuma: a dubi abin da Legas da Kaduna suka yi, a auna, domin hutun da ya yi daidai da shawarar likita ya fi arha bisa jinyar jarirai da asarar malamai.

Ga magidanta, 'yan'uwanmu: in ka yarda matarka ta yi aiki, to, yardar ta wuce ta baki. Kai manyan yara makaranta da kanka, ɗauki jariri sa'ad da ta ke duba littattafai, ka kuma tare mata surutun dangi, domin bakinka ya fi nata kaifi a wurinsu. Malama ta shaida mana cewa ran da surukarta ta tayar da maganar, maigidan ne ya je ya zauna da mahaifiyarsa ya lallashe ta, har ta sa albarka.

Da muka tashi tafiya, rana ta yi tsaka. Malama ta karɓi ɗanta ta goya, ta ɗaure da majanyi, ta ɗora littattafan aji shida a ka, gwaggo ta naɗe tabarma ta bi ta. A bakin ƙofa 'yan mata uku suna jiranta, ɗaya ta karɓi littattafan. Hedimasta ya raɗa mana cewa wannan tana cikin biyar ɗin da suka dawo.

Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba iyaye mata lada, ya kuma ba mu ikon sauƙaƙa musu, amin.